Ziyarar Badagiri Da Hoton Da Walƙiya Ta Makantar

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara talatin da 'yan kai yana koyar da tarihi da labarin ƙasa a makarantun firamare na ƙasar Katsina. Ya zana taswirar Nijeriya a kan allo sau ba iyaka, ya goga shuɗin alli daga ƙasanta ya ce da yara ga teku nan, amma shi kansa bai taɓa ɗora ido a kan teku ba sai da ya rage masa wata takwas a duniya. Abin da ya kawo shi Ikko ma ba yawon buɗe ido ba ne, idon ne ya rufe. Yana ce ta yi ta cin ganinsa sannu a hankali, har ya kai ga ba ya bambanta 'ya'yansa sai da murya. Cikin watan Nuwamba na 2023 aka yi masa aiki a wani asibiti a nan, aka kuwa dace, bayan makonni kaɗan aka ba shi sabon tabarau.

Da ya ji ƙarfin jikinsa sai ya ce da ni, "Kai ɗan jarida, kafin in koma gida sai ka kai ni Badagiri." Haka yake kirana, don ni ne ɗan fari, ba ya faɗin sunana. Na ce, "Baba, in teku kake so ai ga ta nan kusa, ba sai mun sha wannan doguwar hanya ba." Ya ce shi ba ruwa kaɗai yake son gani ba, so yake ya tsaya a wurin da Kyaftin Clapperton ya ɗauki hanyar Sakkwato, domin ya gaji da faɗin sunan garin da bai san ko da gaske akwai shi ba.

To, wata Asabar cikin Disamba muka yi sammako, ni da shi da ɗana mai shekara shida, wanda ya ci sunansa, muke ce masa Abba. Daga Agege muka gangara Mile 2, inda babbar hanyar Badagiri ta miƙe yamma. Tsawonta bai wuce kimanin kilomita 60 ba, amma wanda ya san Ikko ya san ba da kilomita ake auna tafiya a nan ba, da haƙuri ake aunawa. A Mile 2 Baba ya ga jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, wanda aka buɗe a watan Satumba na wannan shekarar, ya bi shi da kallo har ya ɓace. Muka wuce unguwar Festac da aka gina don bikin al'adun baƙar fata na 1977, muka wuce Alaba Rago inda 'yan Arewa suka daɗe suna cinikin dabbobi, ya leƙa ta taga ya ce ko daga nan ya gane ragunan ƙasarsu. Tun daga Agbara gidaje suka soma ja da baya, itatuwan kwakwa suka soma yawa, shingayen bincike kuma suka yi ta tare mu, gama iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, watau Seme, ba ta da nisa da nan.

Badagiri gari ne na mutanen Ogu, waɗanda Yarbawa ke kira Egun, sarkinsu kuwa Akran ake ce masa. Wanda ya fito daga hayaniyar Ikko, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne shiru. Garin yana kwance a gefen wani faffaɗan ruwa mai natsuwa wanda ya raba shi da teku, ga tsofaffin gidaje masu rufin kwano da tsatsa ta cinye, ga mata suna ƙyafe kifi, ga kwakwa tuli-tuli a bakin hanya. Ba za ka ce wannan ne wurin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana loda 'yan Adam a jirgi kamar buhunan gyaɗa ba.

Wurin da aka fara kai mu shi ne benen da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda aka rubuta a jikinsa cewa shi ne gidan bene na farko a Nijeriya. Ɗan jagoranmu, wani saurayi mai fara'a, ya faɗi wannan magana da alfahari. Baba ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya juyo gare ni ya ce da Hausa, "Tambaye shi ko ya taɓa jin Gobarau." Ban tambaye shi ba, don ba gardama ta kawo mu ba, amma gaskiyar tsohon ce. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girmi wannan gini da ɗaruruwan shekaru, Kano ma tana da sorayenta tun kafin Bature ya san hanyarta. Da an rubuta cewa shi ne bene na farko irin ginin Turawa, da babu mai cewa uffan. Ban da wannan, gidan ya cancanci a gan shi. A samansa akwai ɗakin da aka ce Samuel Ajayi Crowther ya zauna, mutumin da aka kama shi bawa yana yaro a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi aka kai shi Saliyo, ya dawo ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, a 1864 kuma ya zama bishof.

Daga nan Baba ya karɓe aikin jagora. Muna tafe a bakin ruwa yana ba takwaransa labari, kamar dai yana gaban aji. Ya ce Clapperton ya fara zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 ta hanyar hamada, daga Tarabulus ya biyo ta Barno da Kano. Zuwa na biyu sai ya sauya hanya, ya sauka nan Badagiri, ya tashi cikin Disamba 1825, ya ratsa ƙasar Yarbawa ta tsohon birnin Oyo, ya ƙetare Kwara a yankin Busa, ya isa Kano, sa'an nan Sakkwato, inda ajali ya cim masa a watan Afrilu 1827. Baransa Richard Lander shi ya dawo da takardunsa har nan garin, ya kuma sake tashi daga nan a 1830 tare da ƙanensa, suka bi Kwara har suka gano inda take shiga teku. Abba dai kwakwarsa yake sha, bai san ana yi ba. Ni ne na tsaya ina kallon tsohon, yadda yake ɗaga kai yana karanta kowane allo da kansa, ba ya yarda a karanta masa ko harafi ɗaya.

Sai muka shiga gidan Seriki Williams Abass. Shi wannan mutum bawa ne tun farko, ya ɗauki sunayen iyayengijinsa biyu, daga baya ya zama babban dillalin bayi, ya rasu a 1919. A cikin gidan akwai ƙananan ɗakuna inda ake tsare mutane kafin jirgi ya zo. Masu jagora suna cewa ɗaki arba'in ne a da, kowane ɗaki kuma mutum arba'in ake cusawa. Na shiga ɗaya, na miƙa hannuwana, kaɗan ya rage in taɓa bango da bango, iska kuwa sai ta wata 'yar kafa can sama. Aka nuna mana wata tsohuwar laima wadda aka ce mutum arba'in aka bayar aka karɓe ta, aka nuna mana tangaraye da mari da sarƙoƙin wuya.

A nan fara'ar Baba ta ɗauke. Ya ɗauki wata sarƙa ya jinjina nauyinta, ya ce da ni kada in yi tsammani wannan labarin mutanen kudu ne kaɗai. Hausawa da yawa waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 an gangaro da su bakin wannan teku, aka kai su Bahiya ta ƙasar Birazil. A can aka tona asirin wani shirin bore na bayi Hausawa a 1807, a watan Janairu 1835 kuma, cikin ƙarshen azumi, bayi Musulmi suka yi babban tawaye a birnin Salvador, akasarinsu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu, aka tarar da takardu masu rubutun Arabiyya a jikin waɗanda aka kashe. Ya ce kuma kada mu ɗora wa Bature kaɗai, domin wani ne ya kama, wani ya sayar, kasuwannin bayi kuwa har a garuruwanmu an yi su, ba a soke bauta ɗungum a dokar Arewa ba sai 1936. Sa'an nan ya faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce kakarsa ta wurin uwa tana da wa, wanda mahara suka sure a gona yana yaro, har ta mutu in an ambaci kudu sai ta ce can aka yi da shi.

Ya kira Abba ya ɗora masa hannu a kafaɗa, sarƙar tana ɗaya hannun, ya ce, "Ɗauke mu, ɗan jarida."

Jama'a, a nan ne na yi abin kunya. Ni da na yi difloma a aikin jarida, na ci jarrabawar ɗaukar hoto, na manta ban kashe walƙiyar kyamara ba. Ɗakin da duhu, kyamarar kuwa ƙarama ce mai yi wa kanta hukunci, da ta ga duhu sai ta saki wuta. Na danna sau biyu a jere, na leƙa ɗan allon bayanta a gurguje, na ga mutum biyu a tsaye, na ce ya yi. Muka fita.

Ragowar yinin a ƙetare muka yi shi. Kwalekwale mai inji ya ƙetarar da mu zuwa tsibirin Gberefu, muka taka hanyar rairayi wadda bayi suka taka, tafiyar kusan rabin sa'a ga mai tsoho da yaro. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Baba ya leƙa ya ce ba ruwa ne ke sa mantuwa ba, nisa ne. Can sai muka soma jin wani ruri kamar na hadari, muka hau ɗan tudu, sai ga Tekun Atilantika shimfiɗe har iyakar gani. Nan ne ake kira wurin da ba a dawowa. Tsohon ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya tsaya ruwa yana zuwa yana dukan ƙafafunsa yana komawa. Ya ɗebo da tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya yi dariya ya ce, "Ashe ban yi wa yara ƙarya ba, da gishiri." Ban ɗauki hoton wannan ba, batirin ya riga ya mutu.

Baba ya koma Katsina a farkon 2024, cikin watan Agusta Allah Ya karɓi abinSa. Da Inna ta fita takaba sai ta aiko mini cewa tana son hoton nan da Malam ya yi ta ba ta labari, na shi da takwaransa a bakin teku, a wanke mata babba. Ran nan ne na fara buɗe shi a kwamfuta, gabana ya faɗi. Ga Abba sarai, ga babbar rigar Baba har zaren aikin wuyanta ana gani, ga sarƙa. Amma inda idanunsa suke babu kome sai farin haske guda biyu, kamar an liƙa masa sababbin kwabbai. A bayansa kuma wani hoto mai gilashi da ke rataye a bango ya zama farar rana. Mutumin da ya zo Ikko neman ido, ya samu, ni kuma na mayar da shi makaho a hoto na ƙarshe da aka yi masa.

Dalilin wannan ɓarna ba boyayye ba ne. Haske in ya faɗa kan abu mai santsi, irin gilashi ko madubi, yakan yi tsalle ya tashi daidai da karkatar da ya sauka da ita, kamar ƙwallon da aka buga wa bango. In ka jefa ta a karkace sai ta tafi wani gefen, in ka jefa ta kai tsaye sai ta dawo maka a fuska. Fitilar ƙaramar kyamara, da ta wayar hannu, tana manne da idon kyamarar, saboda haka duk gilashin da ya fuskance ka sosai zai maido maka da wutarka. Maganin abin kuwa ba ya cin ko kwabo: a kashe walƙiyar a matsa kusa da ƙofa ko taga, ko mai ɗauka ya gusa gefe taki ɗaya ko biyu, ko mai tabarau ya ɗan sunkuyar da haɓa, ko ya ɗaga ƙafafun tabarau kaɗan daga kan kunne don gilashin ya kalli ƙasa. Duk na san wannan, na ma taɓa rubuta shi a takardar jarrabawa.

Na ɗauki katin kyamarar na nufi wani shagon hoto a Agege, wurin wani saurayi Bayarabe haifaffen unguwar, wanda Hausa a bakinsa kamar Bakano. Ya buɗe hoton da Photoshop, ya faɗaɗa shi har fuskar Baba ta cika allo, ya ɗora ɗan kibiyarsa a kan farin, ya nuna mini lamba. Ya ce, "Malam, ka ga 255 ɗin nan? Hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo da lambarsa, daga 0 wanda shi ne baƙi ƙirin zuwa 255 wanda shi ne fari fat. In wuri ya yi duhu, sau da yawa akwai abu a ɓoye, sai a jawo shi. Amma in ya kai 255, babu kome a ƙarƙashinsa. Ba rufe idon aka yi ba, ba a ɗauke shi ba ne sam." Ya tambaye ni ko kyamarar ta ajiye ɗanyen hoto, irin wanda ake kira RAW, domin shi yakan riƙe ɗan abin da ya wuce wannan iyaka. Na ce a'a, JPEG ne. Ya girgiza kai.

Farar ranar da ke bango ba ta ba shi wahala ba. Ya riƙa ɗebo launin bango daga gefe yana shafawa, ya rage girman hoton daga sama, cikin minti goma ta tafi. Masu hoton da ma haka suke yi tun kafin kwamfuta, da fensir mai tsini a kan fim da ɗan burushi a kan takarda, Photoshop da ta fito a 1990 sauƙaƙa aikin kawai ta yi. Ido ne matsala. Ya ce akwai sabuwar dabara da aka ƙara wa manhajar a 2023, mai aiki da ƙirƙirarriyar basira: ka zagaye wurin da ya lalace, ita kuma ta cike. Ya zagaye, ya danna, kafin in kifta sai ga Baba da idanu. Kyawawa ne ƙwarai, farare tas, masu kallon mutum kai tsaye. Har na ji sanyi a raina. Na tura wa ƙanwata ta waya ta nuna wa Inna. Ba a jima ba ta bugo, na ji muryar Inna daga nesa tana cewa, "Wannan wane ne ya sa rigar Malam?"

Gaskiyarta. Na'urar ba ta san mahaifina ba. Ta ga dubban dubatan fuskoki ne, ta zaɓo idon da ya dace da fuska irin wannan, ta ba shi aro. Idon Baba na dama kuwa ya ɗan fi na hagu lumshewa tun yana saurayi, in yana sauraron magana yakan kalli mutum ta saman tabarau. Wannan ba abin da wani zai iya ƙaga shi ba ne. Saboda wannan dalili ma dabarar da saurayin ya kawo ta biyu, ta a nemo ido ɗaya a wani tsohon hoto a juya shi ya zama biyu, ban yarda da ita ba. Fuskar ɗan Adam ba ta zama daidai wa daida hagu da dama.

Har na miƙe zan tafi sai ya ce, "Tsaya, Malam, wannan baƙin na kusa da shi fa?" Hoto na biyu ne, wanda na danna a jere. Ni na ɗauka ya lalace, don duhu ne kawai, saura kaɗan ma in goge shi tun a mota. Ashe fitilar kyamara in ta saki wuta sai ta ɗauki 'yan daƙiƙoƙi tana tara wani ƙarfin, ni kuwa ban jira ta ba, saboda haka na biyun ba walƙiya aka ɗauke shi. Gaggawar da ta ɓata na farko ita ta tsirar da na biyu. Ya riƙa ƙara masa haske kaɗan-kaɗan, duhun yana yayewa kamar wayewar gari, hoton yana fitowa da tsaki-tsaki kamar an watsa masa rairayi. Abba ya motsa, fuskarsa ta zama hazo. Amma tsohon bai motsa ba. Ga idanunsa nan a bayan gilashi, na dama a ɗan lumshe, ba kyamara yake kallo ba, sarƙar hannunsa yake kallo.

Aikin ya ci mana sa'a uku. Ya ɗora hoto na biyu a kan na farko kamar takarda mai shara-shara, ya juya shi kaɗan har ƙafafun tabarau da gindin hanci suka hau kan juna, sa'an nan ya goge duk na biyun ban da abin da ke cikin gilasan nan biyu. Ya daidaita launi, don hasken walƙiya fari ne, na ɗakin kuwa ja-ja. Ya rage tsakin, amma na hana shi gogewa duka, gama da ya matsa sai idon ya soma kama da na 'yar tsana. A gefen gilashin hagu ya bar ɗan ɗigon haske, ya ce tabarau da babu ƙyalli ko kaɗan ba ya kama da na gaske.

Ina zaune ina kallonsa wani abu yana damuna. A ɗakin labarai inda nake aiki, wannan da muke yi laifi ne mai kore mutum daga aiki. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta Amurka ta sallami mai ɗaukar mata hoto a yaƙin Iraƙi saboda ya haɗa hotuna biyu da ya ɗauka a jere ya mai da su ɗaya, ko da yake duk abin da ke ciki ya faru. Na yarda da wannan doka, gobe ma in aka kawo mini irinsa a tebur ba zan bari ya shiga jarida ba. Amma wannan ba jarida za shi ba, ɗakin Inna za shi, idanun kuma na mai su ne, a wuri guda, a rana guda, tsakaninsu bai fi daƙiƙa ɗaya ba. Duk da haka da aka wanke shi na karɓi biro na rubuta a bayansa: Badagiri, Disamba 2023, hoto biyu ne aka haɗa, idanun daga na biyu suke. Na asalin mai fararen kwabbai ma na sa an wanke ƙarami na ajiye.

Da kaina na kai shi Katsina. Inna ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Shi ne." Ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta sake dubawa, sa'an nan ta ɗago ta tambaye ni, "To, ina tekun da ya ce ya gani?"